Damina a Zangon Lome: abin da ke kashe babur cikin ruwa, da yadda ake kare buji

A Lome, babban birnin Togo, damina sau biyu take zuwa a shekara. Babbar takan kama daga wajen watan Afrilu zuwa Yuli, ruwan ya fi ƙarfi a watan Yuni, ƙaramar kuma ta biyo baya a Satumba da Oktoba. A waɗannan watanni ba a rasa ganin mai babur yana tura abin hawansa cikin ruwa, ko ya raɓe a ƙarƙashin wata rumfa yana ta taka kik inji ya ƙi tashi. Mafi yawansu buji suke ɗora wa laifi, wato abin da Hausawan Najeriya ke kira fulogi. Sai a cire shi a jefar, a sayi sabo, amma da an sake yin ruwa babur ya sake mutuwa.

Dalili shi ne da wuya ruwan sama ya shiga cikin buji. Bakinsa da ke ba da tartsatsi yana can cikin inji a ɗaure tam, inda iskar da fistan ke matsewa ma ba ta samun mafita, balle ruwa ya samu mashiga. Abin da ruwa ke yi shi ne ya buɗe wa wuta wata hanya a waje, ta tsere zuwa jikin inji kafin ta kai inda ake buƙatarta. Saboda haka gyaran yana kan hular buji da wayarta da tsabtar wurin, kuma aiki ne da ake yi tun kafin hadari ya haɗu.

Me ya sa batun ya shafi Zango

Zangon Lome na farko yana tsakiyar gari ne, inda fataken Hausa da sauran baƙi daga arewa suka sauka tun zamanin mulkin Jamus. A shekarar 1977 hukuma ta rushe shi, aka mayar da mutanensa arewacin birni, kimanin kilomita 15 daga tsakiyar gari, a kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 wadda ta nufi Atakpame har iyakar Burkina Faso. Nan ne ake kira Agoe-Zongo a yau, daura da Togblekope.

Wannan ƙaura ta raba gida da wurin nema. Kasuwar Asigame da tashar jiragen ruwa suna kudu a bakin teku, mazauna Zango kuwa suna arewa, kullum sai an yi zirga-zirga. Babur ne ya cike wannan tazara. Sana'ar haya da babur ta shigo Togo daga Benin, shi ya sa ake kiran masu yin ta zemijan ko zem a taƙaice, kalmar da ke nufin "ɗauke ni da sauri" a harshen Fon. Wasu kuma suna ce musu oleyiya, wato tambayar da suke yi wa mai tafiya a ƙasa ko zai je. Sana'ar ta bunƙasa a Lome lokacin yajin aikin gama-gari da aka fara a Nuwamban 1992 ya shiga cikin 1993, sa'ad da motocin haya suka yi ƙaranci. Ita ce dai ake kira acaɓa a Kano, kabu-kabu a Yamai da Maraɗi, okada a Legas da Akara.

Ruwan da ke sauka a Lome bai kai milimita 1,000 a shekara ba, wato bai kai na Kwatano ko Legas ba. Matsalar ita ce inda yake taruwa. Ƙasan birni shimfiɗaɗɗe ne tsakanin teku da tafki, arewacinsa kuma yana gangarawa zuwa fadamar kogin Zio, kusa da Togblekope. Ambaliyar 2008 ta karya gadoji a kan hanya mai lamba 1, har da ta Amakpape, ta tsayar da zirga-zirga tsakanin Lome da arewacin ƙasar. Ko a shekarar da ba a yi ambaliya ba, lungunan da ba su da kwalta sukan cika da kududdufai da jar laka.

Ga ɗan zem, babur ɗin da ya mutu da safe cikin ruwa asara ce biyu. Lokacin ruwa ne fasinja ya fi neman abin hawa, kuma da yawa daga cikin masu wannan sana'a ba su ne masu babur ɗin ba, akwai kuɗin da za su kai wa mai shi ko sun yi aiki ko ba su yi ba. Haka ma ɗan kasuwar da ke son isa rumfarsa, da magidancin da zai kai yara makaranta.

Yadda wuta ke isa bakin buji

Aikin buji ɗaya ne: ya kunna gaurayen fetur da iska a cikin inji daidai lokacin da fistan ya matse su. A bakinsa akwai ƙarafa biyu da 'yar tazara a tsakaninsu, wadda a yawancin ƙananan babura ba ta wuce milimita 0.6 zuwa 0.8 ba. Kafin wuta ta tsallake wannan tazara sai an ɗaga ƙarfinta zuwa dubban volt, sau da yawa fiye da 10,000. Na'urar da ke wannan aiki ita ce kwayil, wadda makanikan ƙasashen da ke amfani da Faransanci ke kira bobin. Daga kwayil wuta ke bi ta wata waya mai kauri zuwa hular buji, wadda a garejin Lome aka fi sani da antiparazit. Injin da ke juyi 6,000 a minti yana buƙatar tartsatsi 50 a kowace daƙiƙa, don haka ko kaɗan aka rasa daga ciki mai tuƙi zai ji a jikinsa.

Ita wutar lantarki kullum hanya mafi sauƙi take bi. Tsallake tazarar da ke bakin buji aiki ne mai wuya, domin iskar da ke cikin inji a matse take, kuma gwargwadon matsewarta gwargwadon ƙarfin da ake buƙata. Idan wuta ta samu wata hanyar da ta fi wannan sauƙi, kamar layin danshi daga bakin hula zuwa ƙarfen inji, nan za ta bi. Wannan ne ya sa babur mai wannan matsala yakan yi silo lafiya, amma da an murɗa totur ya fara tari yana yankewa: buɗe totur yana ƙara matsin da ke cikin inji, sai wutar ta ga hanyar waje ta fi araha. Shi ne kuma ya sa ake iya cire buji a jingina shi da jikin inji a ga yana ba da tartsatsi, a mayar da shi babur ya ƙi tashi. A fili tsallaken ba wuya, a cikin inji ne ake gane mai ƙarfi.

Ruwa mai tsabta ba ya ɗaukar wuta sosai. Wanda ke ɗauka shi ne ruwan da ya gauraya da datti da gishiri. Ruwan kududdufi da ya kwaso laka da na kwata irin wannan ne. Ƙari a kan haka, babur ɗin da ke sauka bakin teku kullum yana tara gishirin da iska ke ɗaukowa a kan wayoyinsa da robobinsa. Gishirin yana nan a bushe ba ya cutarwa, sai ranar da danshi ya taɓa shi ya zama hanyar wuta. Iskar Lome kuwa mai laima ce kusan duk shekara, shi ya sa wani babur yakan ƙi tashi da asuba ko ba a yi ruwa ba, raɓa kaɗai ta ishe shi.

Inda ruwa ke samun ƙofa

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A kan babur, tsagar takan kasance a ɗaya daga cikin wurare huɗu.

Na farko shi ne robar da ke bakin hula, wadda ke rungume farin tangaran ɗin buji. Zafin inji yana busar da ita, ta taurare, ta daina kamawa. Wani lokaci ma takan faɗi a gareji ba wanda ya lura, a mayar da hular haka nan.

Na biyu shi ne inda waya ta shiga hula. Nan ma akwai ƙaramar roba. Idan ta tsage, ruwan da ke gangarowa ta jikin waya yana zarcewa kai tsaye cikin hular, ya sa bakin wayar ya yi tsatsa ko ya yi kore.

Na uku jikin hular kansa. Faɗuwa, ko fizgar ta da ƙarfi, ko tsufa, suna sa ta yi tsaga siririya kamar gashi wadda ido ba ya gani sai an wanke an duba a haske.

Na huɗu ita ce wayar. Inda take gogar ƙarfe ko take taɓa kan inji mai zafi, rufinta yana cinyewa har wuta ta samu wurin tsalle.

Ƙirar babur ma tana da tasiri. Ƙananan babura masu inji kwance, irin masu cc 100 zuwa 110, kan injinsu yana ƙasa-ƙasa a bayan tayar gaba, daidai inda taya ke watso ruwa da laka. Masu inji tsaye, irin cc 125 da 150 da 'yan zem suka fi hawa, bujinsu yana sama kaɗan a gefe, amma shi ma feshin taya yana samun sa, musamman idan makarin lakar da ke kan tayar gaba ya karye ko an yanke shi don ado.

Akwai wata alama da ya kamata kowane mai babur ya sani. Idan wuta ta daɗe tana tserewa ta jikin farin tangaran, takan bar baƙin layi siriri a tsaye, kamar an ja shi da fensir, wanda ba ya gogewa da tsumma. Wannan layin ƙuna ce, kuma ya riga ya zama hanyar wuta. Irinsa yana nan a cikin robar hula. Idan aka canja buji aka bar tsohuwar hula, layin da ke cikinta zai ƙona sabon bujin, haka ma idan aka canja hula aka bar tsohon buji. Dole a canja su tare. Amma launin ruwan ƙasa da ke zagaye gindin tangaran, daidai inda ya haɗu da ƙarfe, ba lahani ba ne, ƙurar mai ce da wuta ke janyowa, kuma ba dalili ba ne na jefar da buji.

Gyaran da ake yi kafin damina

Watan Maris, kafin babban ruwa, da watan Agusta, lokacin da ruwa ke ɗan tsagaitawa a kudancin Togo, su ne lokutan da suka fi dacewa da wannan aiki. Bai wuce na rabin sa'a ba, kuma ana yin sa ne inji yana sanyi.

Da farko a kama hular da kanta a murɗa kaɗan a zare, kada a ja ta waya. A wanke ta ciki da waje, a busar, a duba ta a rana. A matsa robobin biyu da yatsa: mai kyau tana da laushi tana komawa yadda take, wadda ta mutu kuwa ta yi tauri ko ta yi zane-zanen tsaga. Hular da ta tsage ba ta gyaruwa, sai sabuwa, kuma kuɗinta bai kai na yinin da za a rasa ba.

A yawancin waɗannan babura hular murɗa ta ake yi a bakin waya kamar dunƙule. A warware ta a dubi bakin wayar. Idan ya yi baƙi ko kore, a yanke kimanin santimita 1 har a ga waya mai haske, sannan a mayar da hular a murɗa ta kama sosai. A tabbata dai wayar ba ta gajarce har ta ɗaure ba. Makanike mai na'urar awon wuta yana iya auna hular, domin a cikinta akwai ɗan abin da ke rage hayaniyar wuta don kada ta dami rediyo da sauran na'urori, wanda galibi yake nuna kilo-om 5. Idan awo ya nuna hanyar ta yanke, hular ta mutu ko da jikinta yana da kyau.

Sai a goge farin tangaran da tsumma mai tsabta har ya yi fes. Tudun-tudun da ke jikinsa ba ado ba ne, an yi su ne don su tsawaita hanyar da wuta za ta bi in ta so tserewa, kuma datti yana cike su ya ɓata wannan dabara. A kuma kankare lakar da ta bushe a tsakanin haƙarƙarin inji kewaye da buji, domin tana riƙe ruwa kamar soso.

Daga nan sai man silikon, wanda ake sayarwa a matsayin giris na kayan lantarki. Ana shafa ɗan kaɗan, kamar ƙwayar shinkafa, a cikin robar bakin hula da inda waya ta shiga. Ba ya ɗaukar wuta, ba ya narkewa da zafin inji, ba ya cin roba, kuma yana toshe 'yan ƙofofin da ruwa ke bi. Ba a cika hula da shi, ba a kuma shafa shi a bakin buji. Bayan haka a tura hular har a ji ta kama. Hular da ke girgiza a kan buji ba ta zauna ba, sau da yawa kuma dalilin shi ne kan bujin bai dace da ita ba: wasu huluna suna kama kan da aka cire wa ɗan ƙarfen sama, wasu kuma sai da shi.

A ƙarshe a dubi yadda waya ta bi. Kada ta taɓa kan inji ko salansa, kada ta gogi ƙarfe. In da hali, a bar ta ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta hau zuwa hula, yadda ruwan da ke bin jikinta zai ɗiga a ƙasa kafin ya kai mahaɗa. Makarin lakar gaba da ya karye a gyara shi, mai inji kwance kuma yana iya ƙara masa 'yar roba a ƙasa don ta tare feshi.

Akwai gwaji mai sauƙi na tabbatar da aikin. Bayan magariba, a wuri mai duhu da iska, nesa da kwalaben fetur, a tayar da babur a bar shi a silo, a fesa ruwa kaɗan kamar hazo a kan waya da hula. Idan sautin inji ya canja, ko aka ga shuɗin tartsatsi yana tsalle, ko aka ji ƙara kamar ana karya tsinke, to an gano inda wuta ke fita. Kada a taɓa wayar ko hular da hannu muddin inji yana aiki.

Dabarun da ke ƙara ɓarna

Abin da aka fi gani a titi shi ne ɗaure hula da leda. Leda tana narkewa ta manne a kan inji, kuma ko ba ta narke ba, ba ta hana danshi shiga, sai dai ta hana shi fita. Ruwan da zafin inji zai busar cikin mintuna sai ya zama tururi ya zauna a ciki. Salatif ɗin lantarki yana iya kai mutum gida idan waya ta goge, amma ba a yi shi don ƙarfin wuta irin wannan ba, kuma zafi yana saki gamsa.

Wasu suna shafa baƙin mai ko giris na taya a cikin hula. Waɗannan daga man fetur aka samo su, suna kumbura roba su lalata ta, suna kuma kama ƙura. Wasu kuma suna ƙona buji da wuta don ya bushe. Zafin da bai daidaita ba yana iya tsaga tangaran, ga haɗarin kunna wuta kusa da tanki.

Feshin WD-40 da makamantansa yana da amfani a inda ya dace. An ƙirƙiro shi a Amurka a 1953 don korar danshi daga jikin ƙarfe, kuma yana iya tayar da babur ɗin da ruwa ya kashe. Sai dai taimakon gaggawa ne. Ba ya toshe tsaga, kuma maiƙon da yake bari yana tara ƙura idan ba a goge ba.

Wurin wanki ma yana kashe babura da yawa a damina, domin lokacin ne aka fi kai su a cire laka. Injin wanki mai feshi da ƙarfi yana tura ruwa ya wuce robar da ruwan sama ba zai iya wucewa ba. Kada a saita shi a kan hula, ko kwayil, ko makunni, kuma a bar inji ya huce kafin a zuba masa ruwa.

Idan babur ya mutu ana tsakar ruwa

Abu na farko shi ne a fitar da shi daga hanya zuwa wuri mai tudu da rufi. Idan ruwan sama ne kawai ko feshin taya ya kashe shi, sau da yawa jira na minti biyar zuwa goma ya isa, domin zafin inji da kansa yana busar da wurin. In bai tashi ba, a kashe makunni, a zare hula, a karkaɗe ta, a goge cikinta da jikin tangaran da busasshen tsumma, a mayar. Tsumma a cikin leda a ƙarƙashin sirdi, da sifanar buji, da buji guda na ajiya a cikin kwalinsa, su ne guzurin damina.

Ba a gaggawar kwance buji a cikin ruwa. Idan ya zama dole, a fara share ruwa da yashin da suka taru a gindinsa, in ba haka ba da an cire shi za su zuba cikin inji, a jawo matsalar da ba ta nan da farko. Kan inji na alminiyom ne, haƙoransa ba su da ƙarfi, musamman da zafi. Wajen mayarwa a fara murɗawa da yatsu har ya zauna, sannan a sa sifana. Sabon buji yana ɗaukar kimanin rabin juyi bayan ya zauna, wanda aka taɓa ɗaurawa kuwa ɗan matsi kaɗan ya ishe shi. Kuma kada a riƙa taka kik da makunni a kunne alhali hula tana lilo ba ta kan buji, domin wutar da ta rasa mafita tana iya lalata kwayil.

Ba kullum ne laifin buji ba

Idan an busar da komai babur bai tashi ba, akwai wasu wuraren da ruwa ke ɓuya. A babura da yawa, kashe inji yana faruwa ne ta hanyar haɗa wata waya da jikin babur. Ruwan da ya shiga ramin makulli ko maɓallin kashewa da ke kan hannu yana iya yin wannan haɗin da kansa, sai wuta ta ɗauke gaba ɗaya. Haka ma mahaɗan wayoyin da ke zuwa akwatin CDI, wanda ke tsara lokacin tartsatsi.

Matatar iska da ta jiƙe tana shaƙe inji, ya riƙa shan fetur fiye da kima, buji ya fito baƙi a jiƙe. Wanda ya ga haka yakan ce ruwa ne ya shiga buji, alhali fetur ne, kuma hanci yana iya bambancewa.

Sai kuma ruwa a cikin fetur. Yana shiga ta murfin tankin da robarsa ta mutu, ko ya zo tare da man da aka saya. Fetur ɗin kwalba na bakin titi, wanda ake kira bude a Togo da payo a Benin, yana zaune a fili cikin jarkoki da mazurari, don haka a damina ya fi fuskantar wannan haɗari. Ruwa ya fi fetur nauyi, yana kwantawa a ƙasan tanki da ƙasan kafireta, daidai inda inji ke zuƙa. A gindin kafireta akwai ɗan dunƙulen zubarwa. A rufe famfon mai, a kwance shi, a tari abin da ya fito a kwalba mai haske. Idan da ruwa za a gan shi ya kwanta a ƙasa.

Lokacin da bai kamata a taka kik ba

Duk abin da aka ambata a sama ƙaramar asara ce idan aka kwatanta da ruwan da ya shiga cikin inji ta hanyar iska. Wannan yana faruwa ne idan an kutsa cikin ruwa mai zurfi har ya kai bakin matatar iska, ko babur ya faɗi a cikin ruwa yana aiki. Iska tana matsuwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa. Idan fistan ya taso ya tarar da ruwa, sandar da ke riƙe da shi tana iya lanƙwashewa ko ta karye, daga nan sai buɗe inji da kashe kuɗi mai yawa.

Alamar ita ce inji ya tsaya farat ɗaya a cikin ruwa mai zurfi, kik kuma ya yi tauri ya ƙi sauka. A nan da mugunyar rawa gara ƙin tashi: kada a tilasta kik, kada a danna sitata, kada a tura babur a giya. A fitar da shi daga ruwa, a rufe mai, a kashe makunni, a cire buji, sannan a taka kik a hankali har ruwan ya gama fitowa ta ramin bujin. A buɗe akwatin matatar iska a zubar da abin da ke ciki, a zubar da na kafireta, a ɗaga gaban babur don na salansa ya fita. A duba baƙin mai. Idan ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya gauraya da shi, sai an canja kafin a yi tafiya, wani lokaci har sau biyu.

Mafi sauƙi dai shi ne kada a shiga. Ruwan da ya kai tsakiyar taya ya riga ya kusa kan inji kwance. Inda ba makawa sai an ratsa, a bi a giya ta ɗaya, a hankali, da totur a daidaice, kada a tayar da igiyar ruwa a gaba. Ruwan da ya rufe titi yana kuma rufe ramuka da lambatun da ba su da murfi, wanda haɗarinsu ya wuce na inji.

Wajen sayen sabo

Idan canji ya zama dole, lambar da ke jikin buji ita ce jagora, domin tana nuna kaurin haƙoransa da tsawonsu da irin zafin da yake ɗauka. A lambobin kamfanin NGK na Japan, misali, C7HSA mai kaurin milimita 10 shi ne aka saba gani a ƙananan injuna kwance, D8EA mai milimita 12 kuma a yawancin masu cc 125 tsaye. Abin da littafin babur ya faɗa shi ake bi. Buji mai tsawo fiye da kima yana iya taɓa fistan, gajere kuma yana barin datti ya cike haƙoran kan inji.

Jabun kaya sun yi yawa a kasuwannin yankin, har kamfanonin da kansu suna gargaɗi a kai. Rubutun da ke gogewa da yatsa, da zoben ƙarfen gindi da ke zamewa ya faɗi, da haƙoran da ba su da santsi, duk alamu ne na a yi hattara. Hula ma haka: a duba cewa robobinta biyu suna nan kuma suna da laushi kafin a biya.

Baburan lantarki sun fara yawo a titunan Lome da Kwatano a 'yan shekarun nan, kuma ba su da buji, ko da yake su ma mahaɗan wayoyinsu ba sa son ruwa. Amma mafi yawan baburan da ke ɗaukar mutane daga Agoe-Zongo zuwa cikin gari har yanzu na fetur ne, kamar yadda suke a zangunan Kumasi da Kwatano da unguwannin Hausawa na Duwala da Yawunde. A duk waɗannan wurare abin dubawa ɗaya ne kafin ruwa ya sauka: robar bakin hula, bakin waya, tsabtar farin tangaran, da makarin lakar tayar gaba.